Barin Android Zuwa iPhone, Ko iPhone Zuwa Android: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Sauya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu tunanin barin tsarin wayar da suka saba da shi. Wasu amsoshin gajeru ne saboda maganar ba ta da tsawo. An tsawaita wasu saboda a nan ne mutane suke yin asara.

Mece ce babbar manhajar waya, kuma guda nawa ake da su?

Ita ce manhajar da ke tafiyar da komai a cikin wayar. Ita ke kunna allo, ita ke raba wa ƙananan manhajoji aiki, ita ke yanke hukuncin wacce za ta taɓa kyamara ko lambobinka. WhatsApp da YouTube da manhajar banki duk a kanta suke zaune.

A yau zaɓin kusan biyu ne. Akwai iOS ta kamfanin Apple, wadda ta fito tare da iPhone ta farko a 2007, kuma ba ta aiki a wayar kowa sai ta Apple. Akwai Android, wadda Google ya sayi kamfanin da ya fara ta a 2005, wayarta ta farko kuma, HTC Dream, ta shigo kasuwa a 2008. Google yana barin sauran kamfanoni su ɗauke ta su yi mata kwaskwarima, shi ya sa Samsung ke da One UI, Xiaomi ke da HyperOS, Oppo ke da ColorOS, Tecno ke da HiOS, alhali duk Android ce a ƙasa. Kusan waya bakwai cikin kowace goma a duniya Android ce.

Wannan bambanci na asali ya kamata ya zauna a kan mai tunanin sauyawa. iPhone gida ɗaya ce mai maigida ɗaya. Android kuwa unguwa ce guda, akwai bene akwai bukka, kuma duk sunan unguwar suke amsawa.

Wayata ta Android ta yi nauyi, tana maƙalewa, batir ba ya kai yamma. Idan na koma iPhone matsalar za ta ƙare?

Wataƙila ta ƙare, amma da wuya a ce iOS ce ta kawar da ita. Mafi yawan masu wannan ƙorafi suna riƙe ne da waya mai araha wadda ta kwana biyu, rumbunta ya cika, batirinta ya gaji. Sai su ɗauki sabuwar iPhone ta abokinsu, su ga tana gudu, su yanke hukunci cewa Android ce ba ta da kyau. Abin da suka gwada shi ne tsohuwar waya da sabuwa, mai araha da mai tsada. Da sabuwar Samsung Galaxy ta ajin S ko sabuwar Pixel ta Google suka ɗauka, irin saurin da za su gani ke nan.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Mai tsohuwar iPhone da batirinta ya sauka ƙasa da kashi 80 na ƙarfinsa zai ga kowace sabuwar Android kamar abin al'ajabi. Sauya batir kaɗai zai iya dawo masa da wayarsa.

Saboda haka kafin komai, ka ware ƙorafinka gida biyu. Nauyi, mutuwar batir, cikar rumbu, hoto mai duhu: waɗannan na wayar ne, kuma sabuwar waya a tsarin da kake kai za ta magance su ba tare da ka sha wahalar ƙaura ba. Amma idan ƙorafin shi ne "ba na iya saka manhajar da nake so", ko "kamfanin ya daina aiko mini da sabuntawa bayan shekara biyu", ko "wayata ba ta jituwa da kwamfutata", to wannan magana ce ta tsari, kuma ita ce ta cancanci a zauna a auna.

To mene ne ainihin abin da mutum yake samu idan ya koma iPhone?

Na farko, tabbas. Kamfani ɗaya ne ke ƙera wayar, ya tsara guntun da ke sarrafa ta, ya rubuta manhajar. Idan sabon iOS ya fito, duk wayoyin da suka cancanta suna samunsa rana ɗaya, ba sai an jira wani kamfani ya gama nasa gyare-gyaren ba. Ba za ka buɗe sabuwar iPhone ka tarar da tarin manhajojin wasu kamfanoni da ba ka nema ba, ko talla a cikin saitunan wayar, abin da ya zama ruwan dare a wasu wayoyin Android masu araha.

Na biyu, jituwa da sauran kayan Apple. Mai kwamfutar Mac ko iPad zai kwafi rubutu a waya ya manna a kwamfuta, ya amsa kira daga kwamfutar, ya tura fayil ta AirDrop cikin daƙiƙoƙi. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin kayan nan, kuma ba ya da niyyar saya, ya sani cewa babban ɓangare na abin da ake yabon iPhone a kai ba zai taɓa gani ba.

Sai bidiyo. Masu ɗaukar bidiyo da waya sun daɗe suna fifita iPhone, musamman idan a cikin Instagram ko TikTok za a ɗauka kai tsaye, domin masu rubuta waɗannan manhajoji sun fi samun sauƙin daidaita su da wayoyi 'yan kaɗan na Apple fiye da ɗaruruwan nau'o'in Android. Sannan iPhone takan riƙe darajarta idan an tashi sayar da ita fiye da yawancin takwarorinta.

Mai barin iPhone zuwa Android fa, me zai samu?

Zaɓi, da sakin mara. Akwai mai araha, akwai mai tsada, akwai mai batir ƙato, akwai mai alƙalami, akwai mai zuƙo abu daga nesa. Wasu har yanzu suna da gurbin katin memori da ramin saka iyafis, iPhone kuwa ba ta taɓa samun gurbin katin ba, ramin kuma ta cire shi tun iPhone 7 a 2016. Kamfanoni irin su Xiaomi da OnePlus da Realme suna da wayoyin da ke caji da ƙarfin wat 100 ko fiye, su cika cikin kimanin rabin awa.

A cikin wayar ma hannunka ya fi sakewa. Kana iya raba allo biyu ka buɗe manhaja biyu a lokaci guda. Kana iya sauya fasalin fuskar wayar gaba ɗaya. Kana iya jona ta da kwamfuta ka ga fayilolinka kamar na filasha, ka ja wannan ka jefa wancan. Kana iya sauke manhaja daga wajen Play Store. Wayoyi da yawa suna ba ka damar kwafin manhaja ɗaya gida biyu don asusu biyu.

Gaskiya dai tazarar ta ragu. Apple ya kawo 'yan allunan bayanai na fuskar waya da damar sauya burauza a iOS 14 cikin 2020, ya bar mutane su jera gumakan manhajoji inda suka ga dama a iOS 18 cikin 2024. Abubuwan da masu Android suka daɗe da su ne, sun kuma yi ta tsokana a kai, amma ga mai auna sauyi a yau abin da ya dame shi shi ne sun iso.

Lambobina da hotunana da saƙonnina za su biyo ni?

Za su biyo ka, in ka bi hanya.

Daga Android zuwa iPhone, Apple yana da manhaja a Play Store mai suna Move to iOS tun 2015. Tana kwashe lambobi, saƙonni, hotuna, bidiyo, kalanda da asusun imel. Sharaɗinta shi ne a yi aikin lokacin da ake kunna iPhone ɗin karon farko. Idan ka riga ka saita wayar ka fara amfani da ita, sai ka goge ta ka koma farko kafin manhajar ta yi aiki. Ka jona wayoyin biyu a caji, kada ka taɓa ta Android ɗin har a gama, domin fita daga manhajar yana iya katse aikin.

Daga iPhone zuwa Android, hanya mafi inganci ita ce haɗa wayoyin da igiya yayin saita sabuwar. Samsung na da manhajar Smart Switch, wasu kuma suna amfani da ta Google.

Akwai tarko guda game da hotuna. Idan ka kunna tsarin da iPhone ke rage nauyin hotuna, cikakkun hotunanka suna iCloud ne, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, na cikin wayar ƙananan kwafi ne kawai. Ko dai ka sauke na asalin kafin ƙaura, ko ka nemi Apple ya tura su kai tsaye zuwa Google Photos ta shafinsa na bayanan sirri. Google ma yana da irin wannan hanya zuwa iCloud. Ka lissafa da girman ajiya: Google na ba da gigabait 15 kyauta wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, Apple kuma gigabait 5 kacal, wanda ba ya daɗewa bai cika ba.

WhatsApp fa? Shi ne ya fi damuna.

Ba kai kaɗai ba. Shekaru da dama wannan ce igiyar da ta ɗaure mutane a inda suke, domin babu halastacciyar hanyar kwashe hira daga wani tsari zuwa wani. Dalilin shi ne WhatsApp na Android yana ajiye kwafin hirarka a Google Drive, na iPhone kuma a iCloud, kuma ɗaya ba ya karanta na ɗaya. Har gobe haka abin yake. Duk wanda ya ce maka "ai na yi ajiya a Google Drive, in na sayi iPhone sai in dawo da ita" zai buɗe WhatsApp ya tarar da shi wayam.

Abin da ya sauya shi ne an samar da ƙaura kai tsaye daga waya zuwa waya. Ta iPhone zuwa Samsung ta fara a 2021, ta Android zuwa iPhone ta biyo baya a 2022 ta cikin Move to iOS. Dole lambar wayar ta zama ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma yawanci yayin saita sabuwar wayar ake yin aikin. Hira da hotuna da saƙonnin murya suna wucewa, tarihin kira ba ya wucewa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗoki. Mutum ya buɗe sabuwar waya, ya saita ta, ya sauke WhatsApp, ya saka lambarsa, sannan ya tuna da tsohuwar hira. A lokacin yawanci sai dai a goge sabuwar wayar a sake komai daga farko. Kuma a guji manhajojin da ke yawo a intanet suna alkawarin kwashe hira idan an biya su kuɗi. Miƙa musu wayarka miƙa musu duk sirrinka ne.

Telegram ba shi da wannan matsala saboda hirarsa tana ajiye a wurin kamfanin, da ka shiga asusunka za ka gan ta, ban da hirar sirri wadda ke zama a wayar da aka yi ta.

Manhajojin da na saya da kuɗina za su koma sabuwar wayar?

A'a. Abin da ka saya a Play Store na Play Store ne, na App Store kuma na App Store. Idan kana buƙatar manhajar a ɗaya ɓangaren sai ka sake saya.

Rajistar wata-wata kuwa ta danganta da inda ka biya. Idan asusu ka buɗe da kamfanin kai tsaye, kamar Netflix ko Spotify, shiga kawai za ka yi da imel ɗinka. Idan ta hannun Apple ko Google ake cire kuɗin, za su ci gaba da cirewa ko da ka jefar da wayar a rijiya, har sai ka shiga ka soke. Ka duba jerin rajistarka kafin ka tashi. Wasanni ma haka: wanda ke ajiye ci gabanka a asusun kamfanin wasan zai biyo ka, wanda ya dogara da Game Center na Apple ko Google Play Games kaɗai zai iya mai da kai matakin farko.

Wane abu ne aka fi mantawa da shi wajen sauya waya?

Manhajar da ke ba da lambobin tabbatarwa, irin su Google Authenticator. Lambobin nan masu sauyawa duk bayan daƙiƙa 30 su ne mabuɗi na biyu na imel ɗinka da shafukanka, wani lokacin har da dukiyarka. Idan ka goge tsohuwar waya ba ka kwashe su ba, kana iya kulle kanka a waje. Google Authenticator na da hanyar fitar da su ta lambar da sabuwar waya za ta ɗauka da kyamara, kuma tun 2023 yana iya ajiye su a asusun Google. Ka tabbatar suna aiki a sabuwar kafin ka taɓa tsohuwar.

Masu jakar kuɗin kirifto su tabbatar kalmomin dawo da jakar suna rubuce a takarda a wuri mai tsaro. Babu manhajar ƙaura da za ta ɗauke musu wannan nauyi, babu kuma kamfanin da za su kai wa kuka idan sun ɓata.

Manhajojin banki yawanci suna ɗaure asusu da waya guda, saboda haka za su nemi ka sake tabbatar da kanka. Ka bar layinka yana aiki don saƙon da za su turo.

Mai barin iPhone yana da ƙarin aiki ɗaya: ya kashe iMessage da FaceTime, wato hidimomin saƙo da kira na Apple, kafin ya cire layi. In bai yi ba, abokansa masu iPhone za su ci gaba da turo saƙo ta iMessage, saƙon ya tafi inda ba ya nan, shi yana zaton an manta da shi, su suna zaton ya yi biris da su. Wanda ya riga ya rabu da wayar zai iya cire lambarsa ta shafin da Apple ya tanada don haka.

Da gaske ne iPhone ta fi tsaro?

Ga mutumin da ba ya son yin tunani a kan tsaro, i, ta fi wuyar cutuwa. Dalilin ba sihiri ba ne. A yawancin ƙasashe ba a saka manhaja a iPhone sai ta App Store, inda ake tantancewa kafin a bari ta shiga. A Android kuwa kana iya sauke fayil daga kowane shafi ka saka, kuma ta nan ne mafi yawan miyagun manhajoji ke shigowa: wani ya turo maka "WhatsApp mai ƙarin fasali" ko "manhajar kallon ƙwallo kyauta", ka danna, ka ba ta izinin karanta saƙonninka da hannunka. Wanda ya tsaya a Play Store, yana sabunta wayarsa, yana riƙe da Pixel ko Samsung ta zamani, ba a bar shi a baya ba.

Kada kuma a ɗauka iPhone ba ta hudawa. Manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO Group na Isra'ila ya ƙera, ta shiga wayoyin iPhone na 'yan jarida da masu fafutuka ba tare da sun danna komai ba. Irin wannan ne ya sa Apple ya fito da Lockdown Mode, wani saiti mai tsaurara tsaron wayar, a 2022 don waɗanda ake hari. Amma abin da ya fi cin talaka ba irin wannan kutse ba ne, damfara ce: a kira ka a ce ka karanto lambar da aka turo maka. A nan babu tsarin da zai cece ka.

A ƙasashen Tarayyar Turai dokar kasuwannin dijital ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa ga wasu shagunan manhaja tun iOS 17.4 a 2024, saboda haka "App Store kaɗai" ba magana ce ta ko'ina ba yanzu.

Batun sirri da bibiya fa?

A duba inda kowanne ke samun kuɗinsa. Apple ya fi samu daga sayar da na'urori da hidimomi, Google daga talla. Shi ya sa Apple ya iya kawo tsarin da ke tilasta wa manhaja neman izininka kafin ta bibiye ka a wasu manhajoji, a iOS 14.5 cikin 2021, matakin da kamfanin Facebook ya fito fili ya yi adawa da shi.

Sai dai mutumin da ya koma iPhone ya sauke Gmail da Chrome da Google Maps da Facebook da TikTok ya shiga asusunsa a kowanne, bai guje wa kowa ba. Bayanan da yake bayarwa suna tafiya inda suka saba tafiya.

Wace ce ta fi daɗewa tana samun sabuntawa?

Da can amsar iPhone ce ba tare da gardama ba. iPhone 6s ta 2015 ta fara da iOS 9 ta kai har iOS 15. A wancan zamani wayar Android da ta samu shekara uku ta yi sa'a. Yanzu Google ya yi alkawarin shekara 7 tun daga Pixel 8 ta 2023, Samsung ma ya yi haka tun daga Galaxy S24 ta 2024. Amma wannan alkawari na wasu wayoyi ne, bai game Android duka ba. Masu araha da yawa har yanzu shekara biyu ko uku suke samu, wasu ma da ƙyar. Kafin ka sayi kowace Android ka nemi sanin shekara nawa kamfanin ya ɗauka wa wannan samfurin, kuma ka lissafa daga shekarar da ta fito, ba ranar da ka saya ba.

Agogona da abin saurarona za su yi aiki?

Apple Watch ba ya aiki da Android, faƙat. Galaxy Watch daga na 4 zuwa sama da Pixel Watch su ma ba sa aiki da iPhone. Agogunan Garmin kuwa suna bin ɓangarorin biyu. AirPods suna haɗuwa da Android ta Bluetooth, za ka ji sauti, amma za ka rasa wasu saituna da saurin sauyawa tsakanin na'urori. AirTag, ɗan abin da ake maƙala wa kaya don gano inda suke, ba ya saituwa sai da na'urar Apple. Ka haɗa kuɗin maye gurbin waɗannan a lissafin sauyin, domin wani lokaci su ne ke mai da shawarar ta zama mai tsada.

Sai na sayi sabuwar caja?

Idan iPhone 15 ce ta 2023 ko wadda ta biyo bayanta, a'a, USB-C ce irin ta Android. Dokar Tarayyar Turai ta caja ɗaya ce ta tura Apple ga wannan. iPhone 14 zuwa ƙasa har iPhone 5 Lightning suke amfani da ita.

Wacce ta fi kyamara?

A manyan wayoyi bambancin ɗanɗano ne. Ka kalli hotunan da aka ɗauka da samfurin da kake so, musamman na dare da na fuskar mutane, ka zaɓi wanda ya kwanta maka. Yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ba ya gaya maka komai.

Ina amfani da layi biyu. iPhone za ta ɗauka?

Za ta ɗauka tun daga iPhone XS da XR na 2018, amma a yawancin ƙasashe gurbin kati ɗaya ne, na biyun eSIM ne, wato layin da ake saukewa cikin waya ba tare da kati ba. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka daga iPhone 14 ba su da gurbin kati ko ɗaya. Waɗanda aka yi wa ƙasar Sin kuwa galibi gurbi biyu ne da su. Saboda haka ka san kasuwar da aka yi wa wayar, ka kuma tabbatar kamfanin layinka yana ba da eSIM, kafin ka biya.

Zan sha wahalar sabawa?

Kaɗan. Mai zuwa daga Android abin da ya fi ba shi haushi shi ne komawa baya. A Android shafa ɗaya daga gefen allo ko maɓalli ɗaya yana mai da kai baya a ko'ina. A iPhone yawanci daga gefen hagu ake shafawa, wani lokacin sai ka nemi kibiya a sama, wani lokacin ka ja shafin ƙasa. Madannan rubutu da yadda sanarwa ke taruwa su ma sukan dame shi. Mai zuwa daga iPhone kuwa yawan saituna ne ke rikita shi, da ganin manhaja biyu masu aiki ɗaya, ta Google da ta kamfanin wayar, kowacce tana neman ya zaɓe ta.

Akwai rashin daidaito guda da ya kamata a sani. Kusan duk manhajojin Google suna kan iPhone, saboda haka mai rayuwa a Gmail da Drive da Photos zai sauka kamar a gida. Na Apple kuwa kaɗan ne a Android: akwai Apple Music da Apple TV, amma babu iMessage, babu manhajar FaceTime, iCloud kuma sai ta burauza. Shiga gidan Apple ya fi fita sauƙi.

Babu zaɓi na uku?

An yi, yawancinsu sun mutu. Symbian ta Nokia ta tafi, Microsoft ya haƙura da Windows Phone, BlackBerry ya rufe hidimar tsohon tsarinsa a Janairun 2022. Abin da ya kashe su ɗaya ne: masu rubuta manhaja ba su zo ba saboda babu jama'a, jama'a ba su zo ba saboda babu manhaja.

Huawei na da HarmonyOS, wadda ya dogara da ita bayan takunkumin Amurka na 2019 ya raba sabbin wayoyinsa da hidimomin Google. Tana da ƙarfi a Sin. Ga wanda ke wajen Sin kuma ya dogara da Play Store da Google Maps da manhajojin banki, ya yi bincike sosai kafin ya saya. Akwai kuma irin su GrapheneOS, wadda ake ɗorawa a wayoyin Pixel don ƙarin sirri, da LineageOS mai raya tsofaffin wayoyi. Na masu son kwance abu su ɗaura ne, kuma wasu manhajojin banki suna ƙin buɗewa a kansu.

Ina so in gwada da wayar da wani ya yi amfani da ita. Me zan duba?

Kulle kafin komai. iPhone da ba a cire asusun iCloud na mai ita ba tana da makullin da Apple ya saka tun iOS 7, kuma ko an goge ta za ta nemi kalmar sirrinsa. Android ma tana da makamancinsa da asusun Google. Ka sa a goge wayar a gabanka, a kunna ta, ka ga ta wuce matakin saiti ba ta nemi asusun kowa ba. A iPhone ka duba lafiyar batir a saituna, ka duba sashen bayanin waya inda take nuna ko an sauya mata allo ko batir ko kyamara. Ka saka layinka ka tabbatar ba a ɗaure ta da wani kamfanin sadarwa ba. Sannan ka duba ko samfurin yana cikin waɗanda ake aiko wa sabuntawa har yanzu.

Idan na sauya ban ji daɗi ba, zan iya dawowa?

Za ka iya, da irin wahalar da ka sha wajen tafiya. Abin da ke rage ta shi ne ka ajiye muhimman abubuwanka a wuraren da ke aiki a ɓangarorin biyu tun kafin ka motsa: lambobi da kalanda a asusun da kowace waya ke karantawa, hotuna a ajiyar da ke da manhaja a nan da can, kalmomin sirri a ma'ajiyar da ba ta ɗaure da tsari ɗaya ba, kamar Bitwarden ko ta Google wadda ke aiki a iPhone ta cikin Chrome.

Yaushe zan goge tsohuwar wayar?

Ba ranar da ka sauya ba. Ka ajiye ta da cajinta na wasu makonni, domin sai buƙata ta taso ake gane abin da bai wuce ba: wata takarda a cikin fayiloli, wani rubutu a manhajar ajiye bayanai, wani sautin da ka naɗa. Idan ka tabbatar komai ya iso, a iPhone ka raba ta da Apple Watch in akwai, ka fita daga iCloud, ka kashe Find My mai gano inda wayar take, sannan ka goge. A Android ka cire asusun Google da na kamfanin wayar, ka zare katin memori da na layi, ka goge eSIM idan ka riga ka mai da shi sabuwar, sannan ka mai da wayar yadda ta fito daga kamfani.